Rasuwar Baƙon Malam, Rediyon da Rana ta Rufe wa Baki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda na zaci ba ta da sauran wurin ɗaukar wani, ni Kalibu Vandi, tsohon malamin makaranta a nan Mubi, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da masu zuwa jin labarai a ƙofar gidana ba tare da gaisuwa ba, rasuwar akwatin rediyona wanda aka fi sani da Baƙon Malam. Ya rasu a farkon wannan wata na Agusta, 1972, bayan wata rashin lafiya wadda ba tasa ba ce, da jinya wadda bai nema ba.

Marigayin ya shigo gidan nan a shekarar da aka fara tambayarmu ta hanyar ƙuri'a ko wace ƙasa muke so mu zama. Matata Dibora, Allah ya ba ta hutawa, ita ta raɗa masa suna. Ta ce baƙo ne kaɗai ke zama a inuwa, ya ci batir, ya cika gida da surutu, bai taɓa riƙe fartanya ba. Daga bakinsa muka ji an haɗa mu da Nijeriya. Daga bakinsa muka ji an harbe manya a Kaduna da Ikko, sannan muka ji sunayen garuruwan da yaranmu suka je yaƙi, wasu ba su dawo ba. Bai taɓa sassauta labari don ganin idon mai sauraro ba. In an murɗa shi sai ya ce ƙyas, ya yi shuuu kamar ruwa na tahowa daga kan duwatsu, ya ɗan yi fito, sannan ya faɗi abin da ya kawo. Ban san mutane da yawa masu wannan tsari ba.

Amma babban alherinsa wani ne. Kafin Dibora ta kwanta ciwon ajali, wasu mutane sun zo da na'urar ɗaukar murya, suka ɗauki waƙar zumuntar mata a majami'armu, ita ce mai bayarwa. Wani gidan rediyo mai nisa a can gabas yakan sa wannan faifai jefi-jefi, ranar Lahadi da la'asar. Tun da aka binne ta, ta nan kaɗai take shigowa gida. Akwai ɗan tari da take yi kafin baiti na biyu, wanda mai ɗaukar muryar bai goge ba. Allah ya saka masa. A Lahadin ƙarshe ta Yuli mai gabatar da shirin ya sanar cewa za a sa tsofaffin waƙoƙin Mubi sau ɗaya tak a Lahadin ƙarshen Agusta, daga nan a shafe faifan a ɗora sababbi a kai. Na san tsimi ne ba mugunta ba. Ga wanda abin ya shafa, bambancin kaɗan ne.

Ciwon ya fara ina ƙauyen Bahuli wajen duba ƙanena. Da tsakar rana marigayin yana cikin magana sai muryar ta nitse, ya koma wani irin ƙara kamar ana suya a nesa. Ko'ina aka murɗa, abin ɗaya ne. Daga baya na gane cewa kowane rediyo a garin nan ya yi haka a wannan lokaci, daga unguwar Wuro Patuji har bakin kasuwa, amma ba wanda ya tambayi maƙwabcinsa. Kowa ya ji kunyar a ce nasa ya lalace, ya tura shi ƙarƙashin gado ya yi shiru. Da mutum ɗaya ya leƙa ta kan danga ya yi tambaya, da ba na rubuta wannan sanarwa.

Ga abin da ya faru, kamar yadda na karanta tun da daɗewa a tsofaffin mujallun da nake arowa a kwaleji. Rana ba fitila ba ce da aka rataye mana don shanya hatsi. Wuta ce mai numfashi, kullum tana fesar da wata iska wadda ba irin tamu ba, ta ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, waɗanda ido ba ya gani. Iskar nan ba ta tafiya a miƙe. Tana murɗewa tana birkicewa kamar kogi ranar da ya kawo ambaliya, ƙwayoyin kuma suna bin igiyoyin maganaɗisu da suka harɗe, har masana kansu ba sa iya cewa ga inda za su faɗa. Duniya tana da nata maganaɗisun da ke tare mana yawancinsu. Can sama kuma akwai wani rufi na iska mai lantarki, shi ke karɓar muryar da aka aiko daga nesa ya maido ta ƙasa. In wani miki ya fashe a fuskar rana, wannan rufi sai ya daina maido murya, ya riƙa haɗiyewa. Abin da ya same mu ke nan. Lafiyar marigayin ƙalau. Sama ce ta kurumce.

'Yata Selina, wadda ta san abin da nake jira a ƙarshen wata, hankalinta ya tashi. A nan garin maganin kowane batir da ya gaji shi ne a shanya shi a rana, ga shi kuma damina ce. Sai ta ɗauki akwatin gaba ɗaya ta ɗora a kan kwanon ɗaki, ya yini a can, fuska da fuska da wadda ta jefe shi. Da bai yi magana ba, ta goya shi a zane zuwa wurin Hammanjoda mai gyaran agogo, mutumin kirki wanda bai taɓa ganin noti ya bar shi yadda ya same shi ba. Ya buɗe bayan marigayin, ya tarar da wasu ƙananan sukurori na daidaita kamun tasha da aka liƙe da kaki tun daga masana'anta, ya ga sun yi sako-sako, ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya har sai da suka ce ƙas.

Da na dawo, Selina ta tare ni a ƙofa ta ce, “Baba, sanyi ne ya kama shi, na yi iya nawa.” Hammanjoda kuwa cewa ya yi, “Malam, kaya ya tsufa ne. Ni dai na ɗaure masa jiki, ko sisi ban karɓa ba.” Dukansu gaskiya suka faɗa, shi ya sa ba ni da wanda zan zaga. Bayan kwana kaɗan rediyoyin da aka ɓoye a ƙarƙashin gado, waɗanda ba wanda ya ƙaunace su har ya taɓa su, suka farka da kansu suna ba da labarin fashewar rana. Nawa bai ce komai ba.

Marigayin ya rasu ya bar batura shida masu sauran ƙarfi, da wayar da na ɗaure daga bishiyar mangwaro zuwa taga, wadda har yanzu take tsaye tana tara muryoyin duniya ba wanda za ta miƙa wa. Ya bar benci a ƙofar gida, da masu zama a kai waɗanda tuni suka koma ƙofar Jatau tela. Ya bar Selina, wadda ba ta iya haɗa ido da ni, ko da yake na ce mata ya wuce. Ya bar ni.

Ina roƙon masu ta'aziyya kada su ce mini a sayi wani. Mai kanti ya ce sai motar kaya ta zo bayan ruwa ya ɗauke, faifan kuwa ba zai jira rani ba. Ina kuma faɗakar da masu murna cewa nasu ya warke. Rana tana juyawa a kan kanta, takan cika zagaye a kusan wata guda. Mikin nan bai warke ba, baya ya zaga. In lissafin littattafan daidai ne, zai sake leƙo mu a ƙarshen watan nan. Yana iya dawowa ya huce, yana iya dawowa ya fi da. Kullum da safe ina huda takarda da allura in jefa hoton rana a bango, ina duban gefenta. Jiya na ga kamar wani ɗigo. Idona dai ya tsufa.

Za a yi jana'iza ranar Lahadin ƙarshen wata, bayan an taso daga sujada, a gindin mangwaron gidana. Selina ce za ta riƙe gawar, domin ita ta fi kowa wahala a kansa. An yafe wa Hammanjoda zuwa da kayan aiki. Ba a bukatar hatsi ko kuka ko jawabi. Abu ɗaya iyalan mamacin ke roƙo, kuma ba su saba roƙo ba: duk mai rediyo mai rai, Musulmi ko Kirista, wanda muke shiri da wanda muka daina gaisawa, ya zo da shi kafin la'asar. Za a jera su a kan benci, a murɗa su duka wuri guda, batir daga gare mu. Ba za a sa mamaci a rami ba sai an ji abin da sama ta yanke. In ta maido murya, ina roƙon kowa ya riƙe tarinsa har a gama baiti na biyu. In kuma ta haɗiye, masu haƙa su faɗaɗa ramin kaɗan, domin abu biyu za mu binne.