Dusar Ƙanƙarar Alhaji Lukuman

Idan za a lissafa mutanen da suka ga duniya a ƙasar Gwarzo, da Alhaji Lukuman ake farawa, a ɗan huta, sannan a waiwayi saura. Wasu sun je Makka, wasu sun je Ikko, wasu iyakarsu Kabo ranar kasuwa. Shi kuwa ƙasar Turai ya taka da ƙafarsa. Zamanin da kuɗin mai ke zuba kamar ruwan marka, yana kula da siton taki a ofishin gona, aka tura shi kwas wata ƙasa mai duwatsu, domin wanda aka zaɓa tun farko ciwon shawara ya kwantar da shi. Bai cika wata ba ya dawo. Amma abin da ya gano a 'yan makwannin nan ya ishe shi labari har furfura.

Ba ya buɗe baki sai da "Can Turai". In an kawo masa tuwo, can Turai da cokali ake ci. In an yi ruwa, can Turai ba haka yake sauka ba. Mutanen ƙauyensu, Falale, da ke wajen Kutama, masu karrama ilimi ne, sai suka raɗa masa Alhaji Can-Turai. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, yana ganin lambar girma ce.

Shaidarsa tana rataye a zaure: hotonsa cikin kwat da hular sanyi, ya riƙe ƙugu. Bayansa wani tsauni ne kore shar, shanu suna kiwo, ga wasu kujeru a rataye jikin igiya suna hawa sama babu kowa a kansu. Duk baƙon da ya shigo sai ya sha bayani kafin ya sha ruwa.

"Wannan da kuke gani, wurin zamiya ne. In sanyi ya yi, dusar ƙanƙara takan rufe shi fari fat. Mutum ya ɗaura katako a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, ya sulalo. Da ƙauye ne na makiyaya kamar namu. Mutum guda mai hangen nesa ya tashi, yau sarakunan duniya ke layi a wurin."

Yayarsa Marka, wadda ta goye shi yana jariri, kuma har gobe ba ta ga dalilin daina kallonsa a haka ba, ta taɓa ƙura wa hoton ido ta ce, "To Lukumanu, ina ƙanƙarar?"

"Lokacin da na je ba kakarta ba ce, Yaya."

"Au, kai ma labari aka ba ka."

Manya ba sa amsa kowace magana.

Da aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, gwamnati, cikin rashin sanin darajar abin da ke hannunta, ta sallame shi tare da wasu. Shi dai ya ce da kansa ya ajiye aiki don ya yi wa al'umma hidima. Ya dawo Falale da hotonsa da kwat ɗinsa da wani ciwo guda da bai gaya wa kowa ba, kowa kuma ya sani: rawani. Sa'o'insa duk an naɗa su. Wannan Sarkin Noma, wancan Sarkin Kasuwa, hatta Sanusi mai facin taya ya zama Sarkin Direbobi, shi da bai taɓa tuƙa ko amalanke ba. Amma mutumin da ya ga Turai yana yawo da hula tsirara. Ya riga ya sayi rawaninsa a Kano, yana ninke a ƙasan akwati, yakan fito da shi lokaci-lokaci ya sha iska.

A bayan garin akwai wani falalen dutse da ake kira Dutsen Shanya. Tsayinsa bai wuce a ɗora kuka kan kuka ba. Tun kaka da kakanni a nan mata ke baza barkono da kuɓewa da tsaba, ɗaya gefen kuma yana da santsi, inda yara ke sulu suna ƙarar da gindin wando. Shekaru aru-aru mutane na kallon dutsen nan suna ganin dutse. Alhaji ya kalle shi sau ɗaya ya ga Turai. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ya sa babbar riga ya tafi wurin Dagaci. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiya da damina da dabbobi, ya zube bayani tun hantsi har aka kira azahar. Dagaci dattijo ne mai haƙuri, wanda ya san cewa ba a tare ruwa a gangare. Ya ce, "Alhaji, ranar da ka tara wa dutsen nan jama'a, ka zo da rawaninka."

Daga nan tarihin wurin ya fara, kuma Alhaji yakan raba shi mataki-mataki kamar tarihin daula.

Matakin farko allo ne. Aka kafa shi a gindin dutse da rubutu manya: TSAUNIN ZAMIYA NA LUKUMAN. Allon nan ya yi shekaru yana aiki shi kaɗai ba tare da gajiyawa ba, mata suna rataya masa tankaɗe.

Mataki na biyu shi ne kujerun hawa. Can Turai injin ke jan su. A Falale, da yake aljihu a tsuke yake, sai aka ɗauki jakin Baƙo mai itace aiki. Alhaji ya ce wannan ma ci gaba ne, domin nasu na buƙatar lantarki, namu kuwa ƙaiƙayi ya ishe shi. Jakin ya hau sau ɗaya, ya duba ƙasa, ya yanke shawarar da bai sake canjawa ba.

Takalman zamiya kuwa kafinta ya fere su daga tsohon bencin makaranta, aka kafa musu silifa da ƙusa. Sanduna aka samo na gora. Komai ya kammala, saura abu ɗaya tak, wato ƙanƙara. Alhaji ya sa aka yo masa lodinta daga Kano a bayan akori-kura. Ta baro birni tana ƙanƙara, ta iso Gwarzo tana tunani, ta shigo Falale tana ruwa. Direba ya sauke masa jiƙaƙƙun buhuna, ya yi masa fatan alheri.

Wani da ya haƙura. Alhaji kuwa ya ce can Turai ma sai da suka sha wuya.

Ana nan aka ƙaddamar da Shari'a. Kowa ya gyara zama, Alhaji ya gyara allo. Aka ƙara layi a ƙasa: NA FARKO A DUNIYA BISA TSARIN SHARI'A. Ya je wurin Liman neman fatawa a kan zamiya. Liman ya shafa gemu, ya ce bai ga haramci a ciki ba, bai kuma ga dalili ba. Alhaji ya ɗauko rabin farko ya baro masa rabin ƙarshe. Ya ja igiya ya raba dutsen: sama da gefen santsi na maza, mata kuma su kwashe shanyarsu su koma can gindi. Ya kafa doka da bakinsa a gaban jama'a.

"Duk namijin da ya ƙetare igiyar nan, ko wane ne ubansa, zai gamu da ni."

Marka ta kwashe barkononta ta sauka. Ta baza shi daidai inda gangaren ya ƙare, don nan ne rana ta fi bugawa.

Sai dai maganar ƙanƙara tana nan. Wata safiya yana zaune kusa da injin niƙa, yana kallon mata na bakace, yana juya kalmar a baki: dusar ƙanƙara, dusar ƙanƙara. Nan take Allah ya buɗe masa abin da ya shige wa masana duhu. Ya miƙe har hularsa na faɗuwa.

"Jama'a, Bahaushe ba ya raɗa suna a banza. Me ya ce? Dusar ƙanƙara. Dusa ce gaba, ƙanƙara na biye. Ƙanƙara ai ta masu sanyi ce, don kada dusarsu ta yi tsami. Mu da Allah ya ba rana, me za mu yi da ita? Asalin abin yana gidanmu muna ba dabbobi!"

Babu wanda ya iya musa masa, domin babu wanda ya taɓa ganin ɗaya dusar, har shi.

Aka bazama. Daga Kutama zuwa ƙauyen Jama'a, daga Gwarzo har Kabo, duk mai injin da ke da dusa sai da Alhaji ya kwashe. Ta masara ya fi so, don ta fi haske. Lokacin kuwa Layya ta matso, kowace mace na da ɗan ragon da take turkawa. Dusa ta yi ɓatan dabo. Raguna suka koma kallon masu su da idon tuhuma, awaki suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Mata suka yi ta guna-guni, Alhaji ya ce haka ake yi wa duk mai kawo sabon abu.

Ranar buɗewa, tun da sassafe aka baza dusa daga ƙolin dutse har ƙasa, aka yayyafa mata ruwa don ta kama. Gaskiya ta yi kyau. Daga nesa, in mutum ya kanne ido ɗaya kuma yana da kyakkyawar niyya, zai iya cewa Turai ce. Aka shimfiɗa wa Dagaci darduma, Liman na gefensa. Mutanen da suka zo ba su cika sahu biyu ba, don ranar ta faɗo a kan kasuwa. Rawani yana kan faranti an lulluɓe shi.

Alhaji ya hau da ƙafa, tunda jaki ya riga ya faɗi ra'ayinsa. Ya tsaya a ƙoli cikin kwat da hular sanyi, rana na dukansa, gumi na bin wuyansa. Aka ɗaura masa bencin makaranta a ƙafa. Ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, malamai, 'yan'uwa. Yau Falale ta shiga taswira. Wata rana jikokinku za su ce, a nan aka fara. Jama'a za su zo daga gabas da yamma, ba a gayyace su ba, ba kuma za a iya korarsu ba..."

Bakin mutumin kirki ba ya faɗuwa ƙasa. Iska ta riga ta kai ƙanshin jiƙaƙƙiyar dusa unguwa-unguwa. Wata baƙar akuya ce ta fara isowa, tana jan guntun igiyarta. Sai tumaki. Sai ragunan Layya da turakunsu a wuya. Daga gabas suka zo, daga yamma suka zo, ba a gayyace su ba, kuma duk wanda ya gwada korarsu ya gane sauran maganar. Kafin a ce kwabo dutse ya cika maƙil, ba ka jin komai sai lasa da atishawa.

Alhaji ya ɗaga gora zai yi jawabi ga sababbin baƙi. Ragon Marka, wanda ya fi kowa jin haushin watan nan, ya ga wani abu tsaye a kan abincinsa. Ya ja da baya kaɗan, ya yi abin da rago ke yi.

A nan fa dole a yi wa Alhaji adalci: dusa tana da santsi. Iliminsa bai ƙaryata ba. Ya taho kamar an harbo shi, gora ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma, yana salati da ƙarfi, tumaki na darewa. Ya zo igiyar da ya ja da hannunsa, ya wuce da ita a ƙirji. Bai tsaya ko'ina ba sai tsakiyar barkonon Marka, a sashen mata, ƙafafu a sama, benci na kallon rana.

Yana kwance yana ta atishawa. Marka ta zo ta tsaya a kansa, ta kama hannunsa ta ɗaga shi kamar yadda ta saba tun yana rarrafe, tana kakkaɓe masa kwat.

"Sannu, Lukumanu. Ga namiji ya ƙetare igiya. Sai ka gamu da kanka."

Dagaci ya daɗe yana tari a cikin hannun riga. Da ya samu kansa, ya dubi dutsen da ko masakar tsinke babu, ya ce shi magana ɗaya yake yi. Ya ce a tara jama'a, bai ce masu ƙafa nawa ba. Dabbobin gari kuma ba su taɓa ƙoshi irin na yau ba, wannan kuwa hidima ce. A kawo rawani.

Nan a gindin dutse, idanu jajur, hanci na zuba, aka naɗa Alhaji Lukuman Sarkin Dusar Falale.

Dutse ya koma hannun masu shanya. Takalman zamiya Marka na yanka kuɓewa a kansu, ta ce ba ta taɓa samun katako mai daɗin aiki irinsu ba. Sarki kuwa bai sauke rawani ba ko ranar zafi. Ya ce can Turai ana gane babban mutum ne da yawan masu take masa baya, kuma a wannan ba a isa a yi masa gori ba. Duk inda ya sa ƙafa a Falale, tawaga na biye da shi har ƙofar masallaci, su tsaya su jira ya idar, suna tauna gefen tabarma.