Ranar da Na Girgiza Ƙasar Potiskum

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe min komai, da ranar da na tsaya gaban dattawan unguwar Ngojin a Potiskum na sanar da su cewa ƙasa ta fara girgiza. Zamanin Turawa ne, bayan babban yaƙi da 'yan shekaru, ina aikin tafinta. Kuma ba yaro ba ne ni a lokacin, balle in laɓe da ƙuruciya. Na haura talatin, ina da gemu, ina da keke, matata ta rasu, ina neman sake aure da duk natsuwar da mutum zai iya arowa.

An haɗa ni da wani Bature mai binciken ƙasa da duwatsu, wanda aka turo ya duba inda za a kafa babban tankin ruwa. Mutanen gari suka laƙaba masa Mai Guduma, don duk inda za shi da 'yar gudumarsa a ƙugu, ba ya wuce dutse bai ƙwanƙwasa shi ba, kamar mai sallama. Aikinmu kullum shi ne leburori su haƙa rami, ya shiga ya duba bangon ramin, ya ɗebi ƙasa ya murza, wani lokaci har ya ɗanɗana (da idona na gani, amma ban faɗa wa kowa ba, don kare masa mutunci).

Abin da ya lalata ni hirarsa ce. Idan rana ta take muka zauna a inuwa, sai ya fara ba ni labarin ƙasarsu. Ya ce a can da daɗewa, kafin a yi gari ko gona, ƙanƙara ce ta rufe ƙasar gaba ɗaya, tsayinta ya ninka rimi sau da yawa. Kuma ba a zaune take ba, tafiya take yi a hankali, a shekara guda ba ta wuce tazarar da ke tsakanin ɗaki da rumbu, tana jan duwatsu masu girman ɗaki tana ajiye su inda ba danginsu. Ya ce har yau akwai zanen da ta bari a jikin duwatsu, kamar tsagar fuska.

Ni kuwa ƙanƙarar da na sani ita ce 'yar wadda ke zubowa da ruwan sama yara su tsinta, sai wadda na taɓa gani a firijin kananzir na gidansa. Amma tun daga ranar ta shige min kai. Ina tuƙa keke a hanyar Damagum, sai in ga wani farin bango ya taso daga arewa, shiru, yana walƙiya a rana. In ga ya shigo kasuwar shanu, Fulani suna kora shanunsu gefe ba tare da gaggawa ba. In ga mata suna sassaƙo shi da gatari suna jefawa cikin fura. Sau biyu na shiga gonar mutane da keke ina wannan kallo.

Sai kuma labarin girgizar ƙasa. Ya taɓa aiki a wani gari a hayin teku bayan ƙasa ta girgiza. Ya ce gidajen da ke kan dutse sun tsaya, waɗanda ke kan ƙasa mai laushi kuwa suka karkace, wasu suka nutse har taga. Na tambaye shi yadda ake gane ta taho. Ya ce da farko za ka ga ruwan kofi yana rawa, abin da aka rataye yana lilo, ka ji wani gurnani daga ƙasa kamar babbar mota a nesa. In kana cikin ɗaki ka shige ƙarƙashin tebur, in da hali a fita fili.

Na haddace wannan kamar karatun allo. Da yamma na je zance na karanta wa Kaltume shi duka.

Kaltume bazawara ce, 'yar Baba Gimba, babban dattijon unguwar. Mace ce mai ƙarancin magana, mai kallon mutum kamar ta riga ta san ƙarshen zancensa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, kai dai kullum jikinka na nan, kanka na ƙasar Turawa. Ranar da za ka zo gaba ɗayanka ka sanar da ni, in dafa da yawa."

To, binciken ya ƙare da matsala. Filin da mutane suke so a kafa tankin, kusa da gidaje, samansa da tauri amma ƙarƙashinsa laka ce, irin wadda ke kumbura da damina ta tsage da rani. Inda ƙasa ke da ƙarfi, marmara tun daga sama, shi ne gefen gonar Baba Gimba. Shi kuwa ya ce gonar ubansa ce, kuma duk wannan haƙe-haƙe ma bai kwanta masa ba, ƙasa ba ta son a riƙa leƙa cikinta. In bai yarda ba, tanki ya tafi wata unguwa, matan Ngojin su ci gaba da tafiyar ɗiban ruwa. Aka sa ranar zama.

Farkon damina ne, an yi ruwa kwana biyu kafin nan. Aka kafa rumfar zana a filin, daf da ramin gwajin da muka haƙa. Aka shimfiɗa wa dattawa tabarmi, aka kawo tebur na Mai Guduma da kwalaben da yake zuba ƙasar da ya ɗebo a jere, da kofin shayinsa, da fitilar ƙwai da wani ya rataye a jikin rumfa ya manta. Ni na sa rigata ta Sallah. Na yi niyyar surukina na gobe ya ga irin mutumin da ke neman 'yarsa.

Da farko komai ya tafi daidai. Baba Gimba ya dube ni ya ce, "Ɗana, tambaye shi. Wannan tono da yake yi, ba zai tayar da ƙasa ba?"

Na juya maganar zuwa Turanci. Mai Guduma ya yi murmushi ya ba da amsa, ni kuma na gyara murya na fassara da ƙarfi don na baya su ji: "Baba, ya ce ku kwantar da hankalinku. Ƙasar Potiskum tsohuwa ce, zaunanniya. Ba a girgizar ƙasa a nan. Ya ce ta fi kowace ƙasa da ya taɓa takawa natsuwa."

Ku riƙe wannan magana, da bakina na faɗe ta.

Daga nan dattawa suka koma shawara tsakaninsu cikin yarensu, Ngizimanci, irin shawarar da ake farawa daga kakan kakan wane. Ba a buƙatata. Na zauna na jingina da ginshiƙin rumfa. Iska mai sanyi tana kaɗawa, ƙasa tana ƙamshin ruwa, muryoyinsu suna tashi suna sauka. Idona ya sauka kan ramin, kan layukan ƙasar da ke bangonsa, ja a sama, fari-fari a tsakiya, baƙi a ƙasa, kowane layi da zamaninsa. Sai na tafi. Na ga kogunan da Mai Guduma ya ce sun taɓa gudana a nan kafin a yi mutum, faɗi-faɗi, ba kwalekwale ba mai wanki. Na ga farin bangon nan nawa yana tahowa ta bayan kukoki, ni da Kaltume muna zaune a samansa kan tabarma, garin yana wucewa a hankali ƙarƙashinmu, tana miƙo min fura mai sanyi.

Sai na ji bayana ya motsa.

Na buɗe ido. Shayin da ke kofi yana rawa. Na ɗaga kai, fitilar ƙwai tana lilo. Sannan na ji shi, gurnani mai kauri, can ƙasa-ƙasa. Alamomi uku, ba ɗaya da ta yi saura.

Na miƙe na kurma ihu, "Girgizar ƙasa! A fita fili!" Kuma saboda ni tafinta ne mai riƙon amana, na maimaita da Ngizimanci, sannan na juya na faɗa wa Bature da Turanci, don kada a bar kowa a baya. Daga nan na yi nutso ƙarƙashin tebur. Teburin kuwa irin mai naɗewa ne. Ya naɗe a kaina, kwalabe suka zubo, ƙasar zamani daban-daban ta haɗu a wuyan rigata ta Sallah.

Daga inda nake kwance ƙafafu kawai nake gani. Ban san tsofaffi suna da gudu haka ba. Wani ya bar rawaninsa a jikin zana, wani ya fita da tabarma naɗe a ƙafa. Sannan na ji wani sauti, kamar an jefa tulu cikin taɓo.

Sai shiru. Ƙasa dai tana nan inda take. Na leƙo a hankali na waiwaya.

A bayan rumfar, wani farin bijimi ne, ƙato, ya manna tozonsa da ginshiƙin da na jingina, yana susa, idonsa a lumshe, yana gurnanin jin daɗi. Teburin ma da ginshiƙin yake jingine. Makiyayin, wani Bafillace dogo mai suna Buba, ya iso da sandarsa a kafaɗa, ya dubi taron da ya watse, ya ce da Hausarsa mai laushi, "Ku yi haƙuri. Ƙuda ne suka dame shi."

Wanda ya faɗa ramin gwaji kuwa Baba Gimba ne.

Ramin bai wuce ƙirji ba, amma lakar ƙasansa ta sha ruwa, ta kama shi har gwiwa. Muka taru a baki. Mai Guduma ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa (wannan girgizar ta gaskiya ce). Ni kuwa na durƙusa, ƙasa na zuba daga kunnena, na ce, "Baba, ku yafe ni."

Bai dube ni ba. Ya yi ƙoƙarin zare ƙafa, ta ƙara shiga. Ya sunkuya ya damƙo lakar, ya matse ta a hannu tana fitowa ta tsakanin yatsunsa, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "A kan wannan kuke so a ɗora tanki? Ni da ba ni da nauyin buhun gero ta kasa ɗauka." Ya ɗago kai. "Ɗana, in ka gama ceton duniya, faɗa wa Baturenka ya je ya auna gefen gonar. Sannan ku ciro ni."

Mutum huɗu suka ciro shi. Takalminsa na hagu ya zauna a ciki, har yau yana can ƙarƙashin Potiskum.

Kafin la'asar labari ya zaga gari. Sunana ya ɓace, na koma Malam Girgiza. In na shiga kasuwa, masu tumatir su dafe tirensu da hannu biyu. Na yi kwanaki ba na bin hanyar Ngojin, sai da Baba Gimba ya aiko a ce min in ba zan zo ba, a ba wani 'yarsa. Na je da magariba, kaina a ƙasa. Kaltume ta fito da kwanon ruwa, ta durƙusa ta miƙo min, fuskarta ba alamar dariya. Ta ce, "Riƙe da hannu biyu, Malam. In ka ga yana rawa, hannunka ne."

An kafa tankin a kan marmara, an ɗaura mana aure bayan kaka. Baba Gimba bai taɓa tayar min da zancen ba, sai dai duk sanda na je gaishe shi na nemi wurin zama, yakan nuna min tsakiyar tabarma, nesa da kowane ginshiƙi.

Ilimin da na samu wurin Bature bai yi ƙarya ba, alamomin duka sun cika. Abu ɗaya ne bai koya min ba, sai da na koya da kaina a gaban surukai: in ka ji duniya tana motsi, kafin ka sanar da jama'a cikin harsuna uku, ka ɗan waiwaya tukuna. Sau da yawa sa ne kawai yake susa.