Tanimu Biyu a Gida Ɗaya

Duk wanda ya san Alhaji Tanimu mai sayar da tayal ya san mutum ne mai son a ce shi ya fara. Da ya ji labarin wata na'ura da ake yi wa magana da Hausa ta kunna fitila, ta tayar da fanka, ta ja labule, ai bai zauna ba sai da ya ɗauko injiniya. Aka ciccire makunnan bango kaf, aka manna wata 'yar aba kamar murfin kwano a rufin falo, aka haɗa ta da intanet da wayar Alhaji. Da aka zo ƙarshe injiniya ya ce sai an raɗa mata sunan da za ta riƙa amsawa, in ba haka ba duk hirar da aka yi a falo za ta ɗauka da ita ake. Alhaji ya gyara zaman hula, ya ce gida nasa ne, don haka ba sunan da za a kira wuta ta kawo sai nasa. Injiniya ya ce ko a sake tunani. Ina, mutumin naka ya riga ya yanke.

Abin da bai hango ba shi ne matarsa Hajiya Saude. Baiwar Allah nan tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kama sunan mijinta ba. Ko yaron maƙwabta ne Tanimu, sai dai ta ce mai sunan Alhaji. Ran nan Alhaji na kasuwa, zafi ya ishe ta, ta tsaya tsakiyar falo ta ce maigida ya kunna fanka. Shiru. Ta gwada Baban Ummi, nan ma shiru. Ta buga masa waya tana faɗa, shi kuwa har da ƙyaƙyata dariya, ya ce ta kira sunan kawai, ai da na'ura take ba da shi ba. Hajiya ta leƙa ta ga ba kowa, ta rufe fuska da mayafi ta faɗa can ƙasa-ƙasa. Sai ga fanka ta kama juyawa.

To, daga ranar bakin Hajiya ya buɗe. Tun tana raɗa har ta koma ɗaga murya daga kicin: Tanimu kashe wuta, Tanimu rufe labule, Tanimu yi shiru. Alhaji yakan zabura ya ce na'am kafin ya tuna ba da shi ake ba. Abin ya fara yi masa ciwo, amma da wane baki zai yi magana, tunda shi ya ba da izini?

Ana cikin haka aka aiko cewa mahaifiyarsa Iya Tabawa na tafe daga ƙauye ganin likitan ido. Iya tsohuwa ce da ba ta ɗaukar raini, in ta ji suruka na kiran ɗanta gatsal kamar yaron aike, labarin sai ya zaga dangi, girman da yake taƙama da shi kuma ya zube. Ya shiga waya zai canza sunan, aka tambaye shi lambar sirri, ya neme ta a kansa ya rasa. Ya kira injiniya, aka ce ya tafi Umara. Ya kashe na'urar ya sake kunnawa, ta gaishe shi da sunanta daram. Dole ya koma lallashin Hajiya, ya ce ta yi wa Allah ta kame bakinta har Iya ta tafi, duk abin da ake so shi zai faɗa da kansa.

Haka aka yi ta lallaɓawa, Alhaji na yawo ɗaki-ɗaki yana kiran sunan kansa a hankali. Ranar Juma'a ya dawo masallaci, ya durƙusa gaban Iya yana gaishe ta, tsohuwa na fifita da gefen zane. Hajiya ta fito da tiren abinci, ta ga gumi na zuba a goshin surukarta, sai bakin da ya saba ya riga ta.

"Tanimu, ƙara fanka, Iya na jin zafi."

Iya ta saki salati. Ta dubi Saude, ta dubi ɗanta da ke durƙushe, ta ce ashe lalacewar birni har ta kai nan. Alhaji ya hau rantse-rantse yana nuna rufi, ya ce wallahi ba da shi take ba, waccan abar ce aka sa wa sunansa bisa kuskure. Iya ta ɗaga kai ta ga fanka na gudu, alhali ba wanda ya motsa daga inda yake.

"'Yar nan, sake aiken sa in gani."

Saude ta sunkuyar da kai, ta ce Tanimu ya ja labule. Labule ya tafi suuu har ƙarshen taga.

"Sau ɗaya kika faɗa?" in ji Iya.

"Sau ɗaya, Iya."

Alhaji ya yi wuf ya ce ta kwantar da hankalinta, injiniya na dawowa za a cire sunan a sa wani. Iya ta ɗaga masa hannu.

"Kada ka soma. Tun da na haife ka ban taɓa ganin an kira sunan nan an tashi da magana ɗaya ba. A bar wa mai amsawa, kai ka nemi wani."