Inji Ya Rasu, Sensa Ba Ta da Laifi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tsohon direban farar motar kaya yake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar injinsa. Injin ya cika ranar Litinin da hantsi, a hawan da ke bayan kasuwar katako, ɗauke da buhun siminti talatin. Shekararsa ashirin da shida a hannun mai shi.

Marigayin bai taɓa kwana a hanya ba. Murɗa makulli ɗaya yake tashi. Da safe yakan yi tari sau biyu, "kuf, kuf", sannan ya daidaita murya. Da guminsa aka rufa gida, aka yi karatun yara huɗu.

Ciwon ya faro ne daga allurar da ke nuna zafin inji. Ta riƙa hawa har ja. Direba ya ɗora tafin hannu a kan bonet, yadda ya saba shekara arba'in, ya ce lafiya lau. Bai tuna cewa hannun ya yi kanta ba. Ya yanke hukunci sensa ce ke ƙarya, wato ɗan ƙarfen nan mai kamar babban yatsa da ke nutse cikin ruwan inji yana kai wa allura labari. Babbar 'yarsa ta roƙe shi ya je wurin mai gyaran wayar wutar mota. Ya ce ya fara tuƙi tun ba a haifi mai gyaran ba. Ya zare filogin sensar da hannunsa. Allura ta kwanta, hankalinsa ya kwanta.

Kwana tara marigayin ya yi yana dahuwa, babu mai faɗa. A hawan nan ya yi "ƙwas, ƙwas, ƙwas", ya fitar da farin tururi, ya yi shiru.

Mai gyaran waya ne ya yi binciken gawa. Ya bi wayar da mita tun daga filogi har allura: babu inda ta katse, babu tsatsa. Ya kwance sensar, ya tsoma ta cikin ruwan sanyi ya karanta, ya tsoma ta cikin tafasasshe ya sake karantawa. Lambar mita ta sauka yadda ya kamata. Lafiyarta ƙalau. Famfon ruwa ne ya cinye, ruwa ya daina zagayawa. Kan inji ya lanƙwashe, fistan ya kame.

Ya rasu ya bar giyar mota, da lagireto, da batir sabo fil, da tayoyi huɗu da safaya. Ya bar sensar. Ya bar dattijo ɗaya da bai iya zaman gida ba.

'Ya'yan sun yanke magana tun kafin bincike: in na'ura ce ta yaudari mahaifinsu, za su ɗora wa motar wani inji ya ci gaba, in kuwa laifinsa ne, ya ajiye makulli ke nan har abada. Mai gyaran waya ya ji wannan. Ya ja dattijon bayan gareji, ya ce in Baba ya yarda, zai shaida wa yaran cewa sensa ce ta mutu, ya jefa ta cikin bola, magana ta ƙare.

Za a ɗaga gawar da sarƙa ranar Laraba da ƙarfe tara, a garejin. Mai tsoffin ƙarafa zai tafi da ita. Za a karɓi gaisuwa nan take, a tsaye. Ba a buƙatar jawabi, ba a buƙatar shawara. Yaran za su halarta, a nan za a gaya musu abin da ya kashe shi.

Yau da safe mai gyaran waya ya sake tayin, sensar na tafin hannunsa. Dattijon ya karɓe ta, ya goge da bakin riga, ya sa a aljihu.

"A'a," ya ce. "Ba zan yi mata ƙazafi ba. Ta faɗa, ni na toshe mata baki."