Zuman Bishiya a Jarkar Zamzam

Laifina ne, gara in faɗa tun farko. Kuma ba na jin zan taɓa mantawa da tsarabar da na kawo daga Kanada.

Ni direba ne a Jidda. Wata shekara kafilina, wato ubangidana Balarabe, ya tafi da ni ziyarar ɗansa da ke karatu a Kanada, don in riƙa tura tsohon a keken guragu (Allah ya jiƙansa, a faranti ɗaya muke cin abinci). Ƙarshen sanyi ne, ƙanƙara na narkewa. Aka kai mu gidan wani Bature da ya daɗe da mutuwa, gidan katako cike da busassun ganye da zanen tsuntsaye. Aka ce yakan wuni yana kallon bishiya ɗaya. Na ce a raina, wannan dai ba shi da kafili.

Daga nan muka wuce bikin zuman bishiya. An huda bishiyoyi, an rataya bokitai, ruwa na ɗiga. Aka zuba mana zuman a kan fanke, har yau ina jin ɗanɗanonsa. Sai na ga mutane na layin sayen 'yan kwalabe, alhali ga abu a bokiti kyauta. Akwai wata rumfa mai hayaƙi, ban ko leƙa ba. Na faki ido na cika jarkar zamzam ɗin da tsohon ya shanye.

Na buga wa matata waya na cika baki. Da muka dawo ta gayyato matan layinmu na unguwar Kurayyat, ta soya fanke. (Jarkar kuwa ta yi kwanaki a bayan mota, cikin zafin Jidda.)

Tana buɗewa sai ga ruwa tsululu, tsami ya cika ɗaki. Hajiya Sa'a maƙwabciyarmu ta toshe hanci.

"Ummu Hamza, wannan zuma ne, ko abin da ake kama mutum a kansa? Yalla, rufe!"

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa daga bakin ƙofa na ce, "Ai ke kika bar shi a rana!"

Matata ta tashi ta kawo musu sukari. Daga ranar ta daina shiga cikin matan.

Sai da ɗan kafili ya zo hutu na ji cewa a rumfar nan ake wuni ana dafa ruwan kafin ya zama zuma. Ashe Baturen da na raina ya fi ni sanin amfanin tsayawa a kalla.

Na same ta a kicin.

"Ummu Hamza, ba ke kika ɓata shi ba. Ɗanye na ɗebo, kuma ko saya ban yi ba. Ki yafe mini. Gobe da bakina zan faɗa wa Hajiya Sa'a."