Alhaji Halliru a Sahun Marubuta

Duk kasuwar Murshid Bazaar, can ƙasar Larabawa, babu mai zurfin ilimi kamar Alhaji Halliru mai kago, wato aika kayan 'yan kasuwa gida. Shi da bakinsa ya tabbatar da haka. Wasu na tara kwantena, shi kuwa tsofaffin hotunan marubutan Turai yake tarawa, masu baƙi da fari: wannan da tabarau, wancan da lofe, kowa ya murtuke. Bai taɓa karanta littafin ɗayansu ba. Ya ce fuska ta fi littafi, domin ba ta buƙatar fassara.

In ka zo aika takalma Kano, sai ka sha lacca tukuna.

"Habibi, dubi goshin nan. Littafinsa har yau ba a gane shi ba. Mu manya haka muke."

A 2013 ya lura bangon ofishinsa bai cika ba, saura mutum ɗaya. Ya je gidan hoto a unguwar Naif, ya ari kwat da lofe, ya ɗaure fuska. Ya kai mai firam ofishinsa, ya nuna masa bangon, ya ce, "Yi mini irin nasu sak, kar ka rage komai." Mutumin ya ga kowane hoto da shekarar haihuwa da ta mutuwa a ƙasansa, sai ya rubuta 1961–2013. Alhaji ya yaba tsarin, ya rataya, ya tafi garin Hatta yin nazari, ya kashe waya.

Hajiya Wasila, mai sarin jakunkuna, ta zo ta tarar da ofis a kulle. Ta leƙa ta gilashi, ta ga hoton, ta yi salati, ta ɗauka da waya ta tura WhatsApp. Kafin la'asar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa na Kano, masu kaya kuma sun koma wurin maƙwabcinsa Labaran, wanda ya karɓe su da hawaye da sikeli.

Da Alhaji ya kunna waya ya fahimci ya rasu, sai ya kira matarsa. Tana kuka tana hamdala, ya katse ta.

"Khalas, ya isa, Mahfuza. Kar ki faɗa wa kowa tukuna. Bari mu ji me duniya za ta ce game da hasarar da ilimi ya yi."

Ya gyara zama, ya bi saƙonnin ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ambaci ilimi. Mafi tsawo shi ne na Hajiya Wasila: "Allah Ya jiƙan Halliru. Ya iya ɗaurin kwali, sai dai surutu."