Rasuwar Rosalie, Jar Motar Clovis Pitre

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da har yau ba su gama bushewa ba, Mista Clovis Pitre, mai jirgin kamun jatan lande a mashigar ruwan garinmu, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abar ƙaunarsa Rosalie, jar motar nan mai kujera biyu da rufin da ake naɗewa. Ta rasu ranar Lahadin da guguwa ta sauka, a kan tudun bayan coci, ba tare da kowa nata a kusa ba.

Marigayiya ta shigo hannun Clovis tun yana saurayi, lokacin da gashin kansa yake da yawan da iska za ta kaɗa. Duk wanda ya san ta zai shaide ta da kamun kai. Ba ta taɓa ɗaukar kayan cefane ba. Ba ta taɓa kai yaro makaranta ba, ba ta san hanyar asibiti ba. Ba ta son ruwan sama, ba ta son rana, kuma mai take sha kamar wadda ta yi wata ba ta ga ruwa ba. Aikinta guda ne, ta fita da yammacin Asabar ta zaga bakin rafi a hankali domin a gan ta, ta dawo a wanke ta. Tana da ɗakinta na kanta, garejin da Clovis ya gina da hannunsa, wanda ya fi kowane ɗaki a gidan ƙwari. Da injinta ya taɓa yin ciwo, a-kori-kurar aikinsa ya sayar aka yi mata magani, ya koma zuwa bakin jirgi a ƙafa ba tare da ya yi ƙorafi ba. Maƙwabta ba za su manta da muryarta ta safe ba: kyar-kyar-kyar, kyar-kyar-kyar, shiru, sannan burrrum.

Gaskiya ta sa a faɗa cewa shekararta ta ƙarshe ba ta yi mata daɗi ba. Mahaifiyar Clovis, Mama Zelma, ta dawo gidan da zama bayan shanyewar ɓarin jiki, da kekenta na guragu. Tsohuwar motar Verna, matar gidan, ita ma ta gaji ta kwanta. Da lokacin guguwa ya matso, Verna ta tasa mijinta a gaba har wurin masu sayar da motoci. Shi yana can yana leƙen wata baƙa mai ƙyalli, ita kuwa tambaya uku ta yi wa dillali: keken Mama zai shiga, mutum nawa take ɗauka, kuma in aka cika tanki za ta kai birnin Shreveport, inda ake gudun guguwa, ba tsayawa? Ta nuna wata ƙaramar bas ta iyali, ruwan toka, mai ƙofar da ake ja gefe.

“Verna, wannan ai firij ne aka sa wa taya,” in ji Clovis.

“To, firij ɗin ne zai ɗauki uwarka,” ta ce, ta karɓi makulli.

A bakin jirgi abokansa suka sa shi gaba, musamman Elray, abokin kamun jatan landensa tun ƙuruciya. Kullum da safe sai ya tare shi da, “Direba, an sauke 'yan makaranta lafiya?” Clovis ya rantse a gaban jama'a cewa ba za a taɓa ganinsa a bayan sitiyarin wannan abu ba, ko da gawarsa ce.

Rashin lafiyar ajali ta fara ne ranar Juma'a, sa'ad da hukuma ta ce kowa ya bar garin kafin Asabar da yamma. Sama ta yi wani irin tas, iska ta tsaya cak, babu abin da ake ji sai ƙarar guduma daga kowane gida ana toshe tagogi da katako. Clovis ya kai jirginsa can cikin rafi ya ɗaure, wannan kam ya kyauta. Shirin da aka yi shi ne Verna ta ja bas da Mama da 'ya'yansu biyu, shi ya bi su a baya da Rosalie. Sai dai marigayiya ta tashi da tari a ranar, don haka ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta.

Verna tana kan tsani ita kaɗai a tagar sama, katako a hannu ɗaya, guduma a ɗaya.

“Clovis, zo ka riƙe min tsanin nan, rawa yake yi!”

“Ina zuwa, noti ɗaya ya rage!”

Ta sake kira. Ya sake cewa yana zuwa. Kira na uku bai zo ba, sai ƙarar tsani da katako da mutum a ƙasa gaba ɗaya. Ya fito a guje, hannu duk baƙin mai, ya tarar da ita zaune a ciyawa ta rungume hannun dama, fuskarta ta yi fari. Ba ta zage shi ba, ba ta ma kalle shi ba, kuma Clovis ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. A asibiti aka ɗaure hannun, aka ce karaya ce, tuƙi kuwa sai bayan makonni.

Gida ya koma mota biyu, direba ɗaya.

A nan ne ya kamata a yaba wa mamaciya, domin ko a wannan hali mai ita bai saki jiki da rabuwa ba. Ya ce zai kai iyali ya dawo ya ɗauke ta, aka tuna masa hanya ɗaya ce kuma an mayar da ita ta masu fita kawai. Ya ce a ɗaura ta a bayan bas, aka nuna masa babu wurin ɗaurawa. Yana tsaye a tsakar falo yana neman dabara ta uku, Mama Zelma ta turo kekenta ta tsaya a gabansa.

“Ɗan nan, daina wahalar da kanka,” ta ce da rabin bakinta mai motsi. “Ka tura ni garejin ka lulluɓa min tamfol ɗin, ka tafi da ita. Ni na ga guguwa iri-iri. Ita kuwa yarinya ce, za ta tsorata.”

Yaran suka fashe da dariya. Clovis bai yi ba. Ya dubi tsohuwar, ya dubi hannun matarsa a rataye a wuya, ya ɗauki makullin Rosalie ya fita. Ya ce gareji yana ƙasa, ruwa zai iya shiga, don haka ya kai ta tudun bayan coci, wurin da ambaliya ba ta taɓa kaiwa ba. Ya ajiye ta a gindin ƙatuwar bishiyar nan, ya lulluɓe ta, ya ɗaure ta da igiyar angar jirgi. Da ya kashe injin ta yi tik, tik, tik, tana hucewa. Maganarta ta ƙarshe ke nan. Ya dawo gida a ƙafa, ya ɗauki mahaifiyarsa cak ya sa a kujera, ya naɗe keken, ya zauna a bayan sitiyarin da ya yi wa rantsuwa, da ransa da lafiyarsa.

Bas ta ɗauki mutum biyar, da kare, da tukunyar miyar gumbo, da hotunan aure, da magungunan Mama, ba ta ce uffan ba. A cikin cunkoson hanya, motoci suna jan ciki kamar kunkuru, suka iske Elray da matarsa tsaye a gefen titi, motarsu tana hayaƙi, iska ta fara kaɗa bishiyoyi. Clovis ya danna maɓalli, ƙofa ta zame da kanta.

“Shigo, ɗan makaranta,” ya ce. “Akwai kujera a baya kusa da kare.”

Elray ya shiga da matarsa, ya zauna kusa da kare har Shreveport.

Da aka buɗe hanya suka dawo, an tabbatar da cewa Clovis ya yi gaskiya, ruwa bai kai tudun ba. Bishiyar ce ta faɗi. Ta kwanta a kan marigayiya tun daga goshi har wutsiya, ta mayar da ita tabarma. Likitocin mota da suka duba sun ce ba ta sha wahala ba. Garejin kuwa an same shi tsaye ƙyam, a bushe, ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa da kada su ambaci wannan.

Ta rasu ta bar Clovis, da gwangwanayen man goge jiki da ba a buɗe ba, da makulli na biyu, da madubin gefe ɗaya da aka tsinta a maƙabartar cocin. Verna da Mama Zelma da yara suna nan lafiya, kuma sun nuna juriya mai ban mamaki, har an ji suna waƙa a kicin. Bas ma tana nan, ɓurɓushin biskit a kujerunta, tana jiran kai Mama gashin ƙashi ranar Talata.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, da zarar masu injin yankan katako sun gama da bishiyar. Fada, limamin cocin, ya ce ba zai yi addu'a ba, amma ba zai hana kowa tsayawa ba. Daga nan motar janwe za ta kai ta makwancinta a wurin masu gwangwan. Zaman makoki a gidan Pitre ne, akwai shinkafa da jan wake. Allah ya ba mai ita haƙuri.

Ba a buƙatar furanni. Guguwar ta yaye rabin rufin gidan, don haka Verna ta ce duk namijin da zai zo ta'aziyya ya taho da gudumarsa. A can sama za a sami mai makokin.